Sarauniyar da ta faɗo a ƙarshe: yadda rabon karta ɗaya ya kusa ɓata zama a Ohio

Daren wata Juma'a ce cikin watan Janairu, ƙanƙara ta lulluɓe gari, mu shida muna zaune muna buga kartar poka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani maƙwabcina a jihar Ohio ta Amurka. Layin rabo ya zagayo kaina, karta tana hannuna. Abin da ya biyo baya bai wuce minti ashirin ba, amma saura ƙiris ya shiga tsakanin mutum biyu da suka daɗe suna zama teburi ɗaya. Babu wanda ya yi maguɗi a cikinsu. Laifin nawa ne, ni mai rabo, kuma jimla ɗaya ce kacal na bari ban faɗa ba.

Ranar da maƙwabcin nan ya fara gayyata ta, na ce masa ni ba na caca. Ya yi dariya, ya ce ai kuɗi sun daɗe da barin teburinsu, tun lokacin da ɗaya daga cikinsu ya sha wuya a gidajen caca har aurensa ya yi rawa. Abin da ya rage sai ƙwandalolin roba: kowa a ƙirga masa 100 a farkon dare, wanda nasa suka ƙare ya tashi ya zama mai haɗa kofi da wanke kofuna, wanda ya fi tarawa a rubuta sunansa a wata takarda da ke manne jikin firij. Malamanmu sun yi saɓani kan karta ko da babu kuɗi a ciki, wannan magana ce ta daban. Abin da na tabbatar kafin in ja kujera shi ne ko sisi ba ta shiga tsakani. Wanda kuma yake zaton in babu kuɗi babu zafin rai, to bai ga idon dattijon Ba'amurke yana kallon takardar jikin firij ba.

Wasan da kowa ke zuwa da dokar gidansu

Wanda ya san poka ta talabijin zai ɗauka wasa ɗaya ne, wato Holdem na Texas, mai karta biyu a hannu da biyar a tsakiya. Wannan ya mamaye duniya ne musamman bayan 2003, shekarar da wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya shigo babbar gasar Las Vegas ta hanyar intanet, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Amma poka dangi ce mai rassa da yawa, tun daga New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisipi a farkon ƙarni na 19, lokacin da ake yin ta da karta 20 kawai. A gidajen Amurkawa, abin da iyaye da kakanni suka saba shi ne zaɓin mai rabo: karta na zagayawa hannun hagu, duk wanda ta zo kansa shi ke faɗin wane reshe za a buga. Wannan ya ce Shikago, inda mai babbar karta daga dangin kan mashi (spade) a ɓoye yake raba tulin tsakiya da wanda ya ci. Wancan ya ce Besbol, inda 3 da 9 ke rikiɗa su zama duk kartar da mai su yake so, 4 kuma in ta fito a buɗe a ƙara maka karta. Wani ya ce Anakonda, a raba bakwai-bakwai, kowa ya tura wa na kusa da shi ukun da ba ya so.

Ginshiƙin dai ɗaya ne. Karta biyar ake gwadawa a ƙarshe, kuma darajarsu a jere take: tagwaye, tagwaye biyu, 'yan uku, jeren lambobi, biyar daga dangi ɗaya, cikakken gida (wato 'yan uku haɗe da tagwaye), 'yan huɗu, sai jeren lambobi daga dangi ɗaya. Ba son rai ya jera su haka ba, ƙarancin samuwa ne. Daga karta 52 ana iya fitar da hannu 2,598,960 mabambanta; cikakken gida 3,744 ne a ciki, 'yan huɗu kuwa 624 kacal.

Abin da ke dagula wannan lissafi shi ne kartar da na laƙaba wa suna hawainiya, wadda ke zama duk abin da mai ita yake so. Duk wanda ya buga Whot ya san ta, ita ce mai lamba 20. Joka ɗaya tak in ka jefa cikin karta, 'yan uku za su tashi daga 54,912 su koma 137,280, su zarce tagwaye biyu da ke nan a 123,552, alhali a tsarin daraja 'yan uku ne a sama. To ina ga wasan da hawainiya takwas ke yawo a cikinsa? A nan 'yan huɗu ba abin a kira maƙwabta ba ne. Kuma kamar yadda 'yan Whot kan yi musu kan ko ana iya tare "ɗauki biyu" da wata 2, haka waɗannan wasanni suke: ba su da hukuma, baki da baki aka gaje su, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ita ma gasar Las Vegas ta shigar da zaɓin mai rabo a 2014, sai dai a can wasannin a ƙayyade suke, dokokin a rubuce, ma'aikaci ke rabo, ga alƙali yana zagayawa. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ko ɗaya.

Yadda rabon ya tafi

Daga haguna ga yadda muke zaune: wani likitan haƙori, sai mai gida, sai wata malamar firamare, sai dattijon, tsohon ma'aikacin gidan waya mai shekara saba'in da wani abu, sannan ƙanin matar mai gida a damana, wanda ya taso a Texas, bai fi shekara biyu da shiga wannan zama ba. Kowa na kiran dattijon da gundarin sunansa. Ni bakina ya kasa, sai nake ce masa Yallaɓai, har sunan ya bi shi.

Zamana na biyar ke nan. A huɗun farko, in rabo ya zo kaina, Holdem nake cewa don shi kaɗai na iya, dattijon kuma ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, don a wurinsa wasan yaran talabijin ne. Ran nan sai na ce bari in nuna ni ma na waye. Na ce: "Bi Sarauniya." Sau uku na taɓa ganin an buga shi. Na maimaita abin da na ji ana faɗa: karta bakwai, biyu a kife, huɗu a buɗe, ta ƙarshe a kife, Sarauniya (kartar Q) hawainiya ce, in ta faɗo a buɗe, kartar da ta biyo ta ita da 'yan'uwanta uku su ma sun zama hawainiya, in wata Sarauniyar ta sake faɗowa, wadda ta biyo ta ita ce sabuwa. Kowa ya gyaɗa kai. Na raba.

A zagaye na biyu na buɗaɗɗun karta, Sarauniya ta faɗa gaban likita, 7 ta bi ta gaban mai gida. "Bakwai ta rikiɗa," in ji ni, ina jin kaina gwani. Dattijon bai ɗaga ido ba. Ashe biyun da ke kife gabansa 7 ne da 7. Ga Sarki (K) a buɗe tun farko, a zagaye na uku wani Sarkin ya sauka masa. Sarakuna huɗu ke nan a lissafinsa. Ya tura ƙwandala cikin natsuwa, kamar mai miƙa kuɗin burodi. Ni na kife kartata, malama ta kife, mai gida ya yi ɗan jim da 7 ɗinsa guda, ya ga ba ta da mataimaki, shi ma ya janye.

Saura uku: likita, dattijo, da ƙanin matar. Shi wannan yana da 10 da 5 a buɗe, da wata 10 da wata 5 a kife, tagwaye biyu, sai wata J da ba ta tsinana masa komai ba. Na raba zagayen ƙarshe na buɗaɗɗu. Likita 8. Dattijo 9. Tun da ni na fita, kartar buɗe ta ƙarshe a duk rabon ta ƙanin matar ce. Na juya ta. Sarauniya.

Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, ana jin injin ɗumama gida yana gurnani. Ni ban ga komai a ciki ba, sai na ce "Sarauniya," na ja bakina. Ƙanin matar ya zuba 10. Likita ya biya. Dattijo ya ƙara. Ƙanin matar ya sake ƙarawa, dattijo ya kai ta maƙura, don a teburin ƙari uku ne iyaka a kowane zagaye. Likita ya bi su da ƙyar, da aka raba ta ƙarshe a kife ya ga ruwan ya fi ƙarfinsa, ya fita. Su biyun suka sake kai ta maƙura. Tulin tsakiya ya kai wajen 250, cikin 600 da ke teburin gaba ɗaya.

"Cikakken gida, goma-goma uku da biyar-biyar biyu," in ji ƙanin matar, har ya miƙa hannu.

"Dakata, yaro," in ji dattijon. Ya juya 7 ɗinsa biyu ɗaya bayan ɗaya. "Sarakuna huɗu."

"Wace bakwai? Bakwai ta mutu tun da Sarauniyata ta faɗo. Tagwaye biyu gare ka."

Abin da kowa ya riƙe

Hujjar ƙanin matar ita ce, Sarauniya da kanta ke kashe tsohuwar hawainiya, a daidai lokacin da ta taɓa tebur. In an samu mai bin ta, a naɗa sabuwa. In ba a samu ba, kujerar ta zauna babu kowa, Sarauniyoyi kaɗai ke rikiɗa. Haka ake yi a gidansu, haka kuma ake yi a gidaje da yawa. Dattijon ya ce a'a, sabuwar hawainiya ce ke tuɓe tsohuwa, sarki ba ya sauka sai an samu magaji. Tun da babu kartar da ta biyo, 7 na nan daram. Ya ce haka ya koya tun yana sojan ruwa, kuma an taɓa yin irin wannan a wannan teburin shekarun baya, aka bar tsohuwa. Mai gida ya ce shi bai tuna ba. Likita, wanda ba a tambaye shi ba, ya kawo ta uku: a jami'arsu in Sarauniya ta zo ƙarshe, komai ya mutu har ita kanta. Da an bi wannan, tagwayen Sarki da na 7 sun doke tagwayen 10 da na 5, dattijo ya ci ta wata ƙofar. Doka uku, duk ana yin su a wani wuri, kuma kalmomin da na faɗa a farko ba su kore ko ɗaya daga biyun farko ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina da na zauna ina juya lamarin shi ne shirun da suka yi. Dukansu sun ga Sarauniyar, dukansu sun san wurin yana da santsi, ba wanda ya tambaya. Ƙanin matar ya zargi dattijon da cewa ya yi shiru ne da gangan. Amma ka sa kanka a kujerarsa. Babu 7 ko ɗaya a buɗe gabansa. In ya buɗa baki ya ce "bakwai fa?", ya tona wa kansa asiri, kowa ya san abin da ke kife. Poka wasan ɓoye ciki ne da burga, tambaya ma magana ce. Shi ma ƙanin matar, me zai sa ya tayar da zancen da zai iya juyewa a kansa? Tsarin wasan da kansa ya ɗaure bakin duk wanda ke da ruwa a ciki. Mutum ɗaya ne a ɗakin da tambayar ba za ta cuce shi ba, kuma aikinsa ne ya amsa ta tun ba a yi ba.

Dama biyu na samu. Ta farko kafin karta ta bar hannuna. Ta biyu, wadda ta fi min ciwo, lokacin da na juya Sarauniyar: na riga na fita, ban san abin da kowa ya kife ba, duk hukuncin da na yanke a wannan daƙiƙa ba wanda zai ce na yi son kai. Da na ce "bakwai ta mutu", dattijo zai haɗiye takaicinsa ya kife, asararsa ba ta wuce 20 ba. Da na ce "tana nan", ƙanin matar zai yi taka-tsantsan da Sarakuna biyun da ke kallonsa. Kowanne na faɗa daidai ne. Ƙwandala 80 da kowannensu ya zuba bayan nan, a kan wasanni biyu daban suka zuba su, suna zaune teburi ɗaya.

A teburin akwai wani tsohon mabuɗin kwalba da ake ajiyewa gaban mai rabo. Al'ada ce tsohuwa. An ce a da wuƙa ce mai ƙotar ƙahon barewa, wanda ba ya son rabo sai ya tura ta gaba. Daga nan Amurkawa suka samo maganarsu ta tura wa wani alhaki, kuma ita shugaba Harry Truman ya juya a ɗan allon da ya ajiye kan teburin ofishinsa, mai nufin alhaki a nan yake tsayawa. Truman ɗin ma mayen poka ne, har da Winston Churchill ya buga a jirgin ƙasa kan hanyarsu ta zuwa garin Fulton na Amurka a 1946. Dattijon na son wannan labari, ya ba ni shi ya fi sau uku. Ran nan bai ba da labari ba. Yatsa ɗaya ya sa ya turo mabuɗin har ya taɓa hannuna, ya ce: "Kai ka kira wasan. Faɗa mana."

Hukunci bayan an ga karta

A ƙa'idar zaɓin mai rabo, maganata ce ta ƙarshe. Sai dai yanzu karta duk a buɗe suke, duk dokar da na furta ba doka ba ce, sunan wanda ya ci ne. A raina na fi karkata ga ƙanin matar, har yau ma haka, don dokarsa ta fi sauƙin bayani ga baƙo. Amma karkatar da ta zo bayan ka ga hannun kowa, ba ka da yadda za ka wanke ta. Na ce ban san amsar ba, ban taɓa tunanin hakan na iya faruwa ba. Ban ji daɗin faɗin haka ba, gumi ne ya karyo min cikin sanyin Janairu.

Likita ya ce a soke rabon, kowa ya kwashi nasa. Aka yi masa dariya, don shi ne zai dawo da sama da 50 da ya riga ya yi asara ta kowace doka. Aka ce mai gida ya yanke, tun da gidansa ne. Ya ɗaga hannu biyu: ɗaya ƙanin matarsa, ɗaya abokinsa tun kafin ya yi aure, duk inda ya faɗi sai ya kwana da magana. Ƙuri'a kuma ba ta da amfani, mutum huɗu ne za su jefa, kowa ya san wanda yake so ya ga sunansa a jikin firij. Muryoyi suka fara hawa. Ƙanin matar ya ce dama an saba a teburin nan tsoho ba ya laifi. Dattijon ya miƙe ya ɗauko rigar sanyinsa daga jikin ƙusa.

Malamar ce ta kashe wutar, da irin muryar da take raba 'yan aji uku. Ta ce duk su biyun sun yi wasa da gaskiya a kan dokar da suka sani, don haka a raba tulin biyu. Kuma tun da kuskuren na mai rabo ne, ya biya kowannensu tarar 10, ya kuma karɓi wankin kofuna na daren. Na amince tun ba ta rufe baki ba. Rabon bai yi wa kowa adalci ba, in za a faɗi gaskiya: a ƙarƙashin kowace doka ɗayansu ya cancanci duka, ɗayan bai cancanci komai ba. Amma shi ne kaɗai hukuncin da bai ce wa ɗayansu "kai ne ba ka iya ba". Dattijon ya tsaya da rigar a hannu, ya dube ni ina ƙirga masa goma, sannan ya mayar da ita jikin ƙusa.

Mako na gaba malamar ta zo da ƙananan katunan rubutu a ɗaure da roba, kowane wasa da nasa. Cika su ya ci rabin daren, don ashe ramukan suna da yawa, sa'a ce kawai ta hana a faɗa. Shin 'yan biyar, da hawainiya ke haifarwa, sun fi jeren dangi mafi girma? Aka rubuta e. In mutum bakwai suka zauna Besbol, karta 49 sun tafi, saura uku, ga 4 guda huɗu da kowace ke iya jawo ƙari, ya za a yi in karta ta ƙare? A wasannin da ake raba tuli tsakanin babba da ƙarami, mutum zai bayyana ɓangarensa da ƙwandala a dunƙule cikin hannu, ko kartarsa ce za ta yi magana? Aka hana wasan nan na Gots, wanda duk wanda ya tsaya ya faɗi sai ya biya kwatankwacin tulin, domin in mutum uku na tsayawa kowane karo, 6 kan zama 12, 24, 48, 96, kafin kofi ya huce wani ya tsiyace. Aka kuma ce duk wanda ya kawo sabon wasa, a fara gwada shi sau ɗaya ba zubi. A kan Sarauniyar ƙarshe aka jefa ƙuri'a, ba karta a gaban kowa: huɗu da biyu, dokar ƙanin matar ta wuce. Dattijon ya ce a rubuta cewa shi bai yarda ba, malamar ta rubuta a ƙasan katin.

Ban sake kiran Bi Sarauniya ba sai cikin Afrilu. Na ɗauko katin na karanta shi tas, har da rashin yardar Yallaɓai. Na raba. Zagaye huɗu na buɗaɗɗu suka wuce, ko Sarauniya ɗaya ba ta leƙo ba. Ina shirin raba ta ƙarshe a kife, ƙanin matar ya dafa hannuna.

"Tsaya, ɗan'uwa. Mu a wajenmu, in Sarauniya ba ta fito ba sam, sake rabo ake yi, tuli ya zauna."

Dattijon ya kife fuskarsa cikin tafin hannu. Malamar ta jawo jakarta tana laluben biro.